Jinjina ga Agogon Ƙarfe Biyar

Duk mai shakkar cewa ilimi ya zauna da gindinsa a ƙasar nan, ya zo gidana ƙarfe biyar da kwata na asuba. Zai tarar da ɗaliba 'yar shekara bakwai, 'yar aji biyu na firamare, tsaye a tsakar ɗaki ana sa mata safa, idonta a rufe. Ba ta faɗuwa. Ta iya barci a tsaye kamar doki, kuma wannan fasaha a gida ta koye ta, ba mu biya ko sisi ba. Uwarta na durƙushe tana ɗaure mata igiyar takalmi, ni kuma ina haska musu fitilar waya don an ɗauke wuta tun jiya da la'asar.

"Abba, yau Asabar ce?"

Talata ce. Kullum sai ta yi wannan tambaya, kullum ina ba ta haƙuri. Ina kuma jin wani alfahari yana taso mini a ƙirji, domin na san a daidai wannan lokaci takwarorinta na wasu ƙasashe suna can naɗe cikin bargo suna zubar da yawu a matashi, ba su ko san ana tseren duniya ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abokina da ya yi 'yan shekaru a ƙasar Finlan ya dawo yana cika mana kunne a majalisa da labarin makarantunsu. Na saurare shi da tausayi. Wai a can yaro ba ya shiga aji ɗaya sai shekarar da zai cika bakwai. Bakwai fa! 'Yata a wannan shekarun ta riga ta yi bikin kammala karatu sau biyu, da riga da hula irin ta 'yan jami'a, da mai hoto, da kek. Na farkon tana da shekara huɗu, ta yi fitsari a rigar, amma shahada ta karɓa. Shi kuwa ɗan Finlan, idan ya ga dama ya shiga ajin, darussan da zai zauna a mako ba su fi ashirin da 'yan kai ba, kowanne minti arba'in da biyar, kuma bayan kusan kowane darasi sai a kora shi waje ya yi wasa na minti goma sha biyar, ko da ƙanƙara na zuba. Kafin azahar ta yi nisa yana gida. Aikin gidan da za a ba shi bai kai a kunna masa fitila ba. Tun 1948, shekara goma sha biyu kafin mu sami 'yancin kai, gwamnati ke ciyar da kowane ɗalibi abinci mai zafi kyauta, ɗan minista da ɗan lebura a layi ɗaya. Malamin da zai koya wa yaro baƙi da wasali sai yana da digiri na biyu, ka ji almubazzaranci. Jarrabawar ƙasa kuwa ba su san ta ba sai a ƙarshen babbar sakandare.

Wannan ai reno ne aka sa masa yunifom, su ma ɗin ba sa yunifom suke ba.

Abokin nawa ya ce ai da aka fara jarrabawar nan ta duniya da ake kira PISA a shekarar 2000, 'ya'yan Finlan ne suka zo na ɗaya a fahimtar karatu. Na ce masa sa'a ce. Kuma ina farin cikin sanar da jama'a cewa a 'yan shekarun nan makinsu ya yi ta sauka, har su kansu suna ta taro a kai. Mu kuwa, har zagayen 2022 ba mu taɓa shiga jarrabawar ba, saboda haka babu ƙasar da ta taɓa kayar da mu. Ɗan kokawar da bai shiga fili ba, har ya tsufa bayansa bai taɓa ƙasa ba.

Bari in nuna muku yadda ake tsara ranar ɗan makaranta a ƙasar da ta san darajar lokaci.

Shida da minti ashirin mai adaidaita sahu yake hon a ƙofar gida. Yara tara yake ɗauka, da jakunkuna tara, da kulolin abinci tara. Masana lissafi na Turai ba su warware wannan ba, shi ya warware: manya a kujera, ƙanana a cinyar manya, biyu a gefensa, ɗaya a baya tare da jakunkuna. 'Yata ce ta bayan, domin ita ake fara ɗauka, ita ake ƙare saukewa. Jakarta na taɓa ɗora ta a sikelin mai sayar da gas na bakin layinmu, ta ba da kilo shida da ɗan ɗoriya. Mai jakar kilo ashirin da ɗaya ce. Mai gas ɗin ya dube ni ya ce, "Alhaji, duwatsu take kaiwa?" Na ce masa littattafai goma sha shida ne, ban da na rubutu. Ya girgiza kai. Na san hassada ce, nasa 'ya'yan a makarantar gwamnati suke.

Bakwai da rabi ana layin safe. Wanda ya makara ya durƙusa a bakin ƙofa, ko da kuwa cunkoson titi ne ya riƙe adaidaitar, domin tun yanzu ya kamata yaro ya saba ɗaukar laifin da ba nasa ba, zai yi masa amfani idan ya fara aikin gwamnati. Ƙarfe goma ake fita tara. Ta buɗe kula ta tarar da Indomie ɗin da aka dafa tun biyar ta daskare ta zama curi guda, ana iya yanka ta da wuƙa kamar alkaki. A Faransa, an ce mini, yaro kan yi sa'a ɗaya da rabi zuwa biyu yana hutun rana, a zaunar da shi a tebur a kawo masa abinci kala-kala, ɗaya bayan ɗaya, kamar wani baƙon gwamna. Ranar Laraba ma yawancin 'yan firamare ba sa zuwa. Tun 1956 ma'aikatar iliminsu ta hana ba ɗan firamare aikin gida na rubutu, ko da yake malamai masu kishi na karya dokar a ɓoye, Allah ya saka musu. 'Yata minti ashirin gare ta, a ciki za ta ci, ta sha, ta bi layin banɗaki.

Ƙarfe biyu ake tashi, sai a fara lesin. A nan hikimar masu makarantunmu ta fi burge ni. Ajin nan ne dai, antin nan ce dai, allon nan ne, abin da aka rubuta a kansa da safe ma ba a goge ba. Rasit ne kawai ya canza. Uku da rabi a sallame su, huɗu da kwata tana gida. Ta tuɓe wannan yunifom ta sa wancan, ta ɗauki wata jakar, sai Islamiyya.

A nan ina so in yaba mana mu iyaye ta musamman, saboda yadda muka iya rabo. Boko muka ba wa tsakiyar tuwon, safiya da hantsi da kaifin ƙwaƙwalwa. Littafin Allah kuwa muka bar masa ƙanzo. Malamin Islamiyyar, bawan Allah da albashinsa bai kai kuɗin man janareton waccan makarantar ba, shi ake kai wa yarinyar bayan an tatse ta, ya zauna yana biya wa masu gyangyaɗi hadda. Idan zango ya ƙare ba ta haɗa izu ba, shi za mu tuhuma da sakaci.

Ana kiran magariba take shigowa. Salla, tuwo, sannan a baje aikin gida: lissafi, Turanci, kimiyya, da wani darasi mai suna tunani na adadi, wanda ni da digirina na kan zauna in yi ta kallonsa kamar mai duba. Wani makon a ce ta gina gida da kwali, da tagogi da rufi. Uwarta ta kwana tana yanka kwalin taliya tana liƙawa, kuma alhamdu lillahi zangon da ya wuce uwar ta ci maki tamanin da biyar. Goma da rabi ake kwanciya. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ce yaro mai shekara shida zuwa goma sha biyu yana bukatar barcin sa'a tara zuwa goma sha biyu. 'Yata tana samun shida da rabi. Likitocin ba su suke biya mata kuɗin makaranta ba, balle su faɗa mini yadda zan mori kuɗina.

Ƙasa ɗaya ce a duniya nake cire wa hula, ita ce Koriya ta Kudu. An ce in kana taƙama da sammako, wani a tafe ya kwana. Ɗan sakandare a can idan ya tashi daga makaranta sai ya wuce gidajen lesin da suke kira hagwon, ya zauna har dare ya raba. Abin ya yi yawa har hukumomin birnin Seoul suka kafa doka cewa ƙarfe goma na dare kowane gidan lesin ya rufe, masu gidajen suka kai ƙara, kotun tsarin mulki ta tabbatar da dokar a 2009. Jami'ai kan zaga da dare suna farautar masu karatu a ɓoye, yadda ake farautar masu caca. Tun kafin nan, a 1980, gwamnatin soja ta Chun Doo-hwan ta haramta lesin gaba ɗaya, iyaye suka koma yi a sace, har kotu ta soke haramcin a shekarar 2000. Suna da wata magana da suke faɗa wa 'ya'yansu, wai wanda ya yi barcin sa'a huɗu ya ci jarrabawa, wanda ya yi biyar ya faɗi. Da na ji wannan sai na ji kunya, na dubi 'yata da sa'o'inta shida da rabi, na ga ashe sangarta ta nake yi.

A shekarar 2023 kaɗai iyayen Koriya sun kashe sama da won tiriliyan 27 a kan lesin. A wannan shekarar ce kuma adadin haihuwarsu ya sauka zuwa 0.72 ga kowace mace, mafi ƙanƙanta a duniya, kuma tsadar karatun yaro na cikin dalilan da matasansu ke bayarwa na ƙin haihuwa. Shekara da shekaru, kashe kai ne ke kan gaba a cikin abubuwan da ke ajalin matasan ƙasar. Wannan shafin ba ma karanta shi a taron iyaye da malamai. Mu sa'o'in kawai muka aro.

Sai dai ko Koriyar, idan aka zo ranar jarrabawa, sai ka ga ragwancinsu ya fito. Jarrabawarsu ta shiga jami'a, Suneung, ana yin ta wata Alhamis a watan Nuwamba. Ranar, ofisoshi da kasuwar hannun jari kan jinkirta buɗewa da sa'a guda don kada a tare wa ɗalibai hanya. 'Yan sanda kan goya wanda ya makara a babur, da jiniya, har ƙofar ɗakin jarrabawa. Lokacin da za a yi gwajin sauraren Turanci, minti talatin da biyar, babu jirgin saman da zai tashi ko ya sauka a faɗin ƙasar, don kada ƙara ta dami yaro. Ku ji shagwaɓa. Mu a ranar 28 ga Mayu, 2025, 'ya'yanmu a jihohi da dama sun zauna tun rana suna jiran takardar Turanci ta WAEC, ba ta iso ba sai da duhu ya yi, suka rubuta ta da tocila da fitilar waya, iyaye na tsaye a bakin ƙofa cikin dare. Hukumar ta ba da haƙuri, ta ce ƙoƙarin toshe satar amsa ne ya jawo jinkirin. Ni ban ga abin ba da haƙuri ba. Ɗan Koriya Turanci kawai aka gwada shi. Namu an gwada Turancinsa, da idonsa, da cikinsa, da jimirinsa ga sauro, duk a kuɗin rajista ɗaya.

Ƙasar Sin ce ta ba ni kunya. Mutanen da muke ganin jarumai ne, masu jarrabawar gaokao da ɗalibai sama da miliyan 13 suka yi rajistarta a 2024, sai ga shi a 2021 sun karaya. Suka ce ɗan aji ɗaya da aji biyu kada a ba shi aikin gida na rubutu sam. Daga aji uku zuwa shida kada ya wuce na sa'a guda. Suka hana kamfanonin lesin cin riba da manyan darussan makaranta. Ma'aikatar ilimi da kanta ta fitar da takarda a kan barci: ɗan firamare sa'a goma, kuma kada a fara darasi kafin takwas da minti ashirin. Gwamnati guda, mai makamin nukiliya, ta zauna tana lissafin barcin yara! Jihar Kalifoniya ta Amurka ma ta bi sahu, tun 2022 manyan sakandarenta na gwamnati ba sa fara darasi kafin takwas da rabi. A lokacin 'yata ta yi sa'a uku da tashi, ta ci bulala ɗaya, ta manta darasi biyu.

Kada wani ya ce ai na masu kuɗi kawai nake magana. Ƙasarmu ba ta manta da talaka ba, shi ma an yi masa tanadin tsarin ƙasashen waje, har ya fi namu yawa. Ɗan mai gas ɗin nan, da ke aji huɗu a makarantar gwamnati ta bayan unguwarmu, shi tsarin Finlan aka ba shi: kafin azahar yana gida, ba aikin gida, ba jaka mai nauyi, littafi ɗaya ne a aljihun wando an naɗe shi kamar tabarma. An haɗa masa da na Japan. A Japan yara ne ke share ajinsu da goge daɓe kullum, su sa fararen riguna su raba wa junansu abincin rana, 'yan aji ɗaya su tako da ƙafa zuwa makaranta ba mai rakiya, duniya na ta yaba musu. To shi ma yana shara, da tsintsiyar da ya zo da ita daga gida ma, wadda ɗan Japan bai kai ga wannan sadaukarwa ba. Yana tafiya da ƙafa. Ɗan Japan kan cire takalmi a bakin ƙofa, shi tun daga gida ya huta da wannan. Abincin ranar ne kawai ya ɗan sha bamban: shirin ciyarwar da gwamnatin tarayya ta fara a 2016 yana zuwa yana ɗaukewa kamar wutar lantarki. Ajinsu sun haura ɗari, a ƙasa suke zama, malam kan leƙo ya cika allo ya fita, monita ya ci gaba da rubuta sunayen masu surutu. A 2017 jihar Kaduna ta ba malaman firamarenta kimanin 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa kai makin da aka sa. Wannan ya nuna malami da ɗalibi a wajenmu tafiya ɗaya suke yi, ba mai yi wa wani girman kai. Da rana yaron yana shagon babansa yana juya tukunyar gas, ga koyon sana'a kyauta.

Sannan ga miliyoyin da UNICEF ta daɗe tana ƙirgawa, sama da miliyan goma, waɗanda ba su da jadawali ko kaɗan. Su ba su taɓa makara ba.

Wani dare na ce bari in ɗanɗani romon jarina. Na ce wa 'yata ta faɗa mini mene ne kwamfuta. Ta miƙe tsaye, ta haɗe ƙafafu, ta sa hannu a baya, ta zubo mini ma'anar da Turanci tun daga farko har ƙarshe ba ta ja numfashi ba. Na ce madalla, to faɗa mini da Hausa, me kika ce? Ta yi shiru. Can ta ce, "Abba, Anti ta ce wanda ya yi Hausa zai biya naira hamsin." Na rungume ta. Ɗan Finlan da Finlanci ake koya masa, ɗan Koriya da Koriyanci, ɗan Japan da Japananci, ɗan Faransa da Faransanci, shi ya sa suke gane abin da ake faɗa, su gama da wuri su tafi wasa. Ai kowa ma zai iya karatu idan yana gane abin da ake cewa. Gwaninta ita ce yaro ya yi sa'a takwas kullum cikin harshen da ko a mafarki ba ya yi, ya haddace, ya zo na uku a aji.

A taron iyaye da malamai na zangon jiya wani uba ya miƙe, mutum mai sanyin murya, ya ce ko za a duba a rage wa 'yan ƙananan azuzuwa aikin gida, a kuma maida lesin na ganin dama, domin ɗansa ya fara ciwon kai. Ɗakin ya yi tsit kamar ya zagi wani. Wata hajiya ta ce, "Malam, mu kuɗinmu muka biya. In hutu kake so wa ɗanka, ga ta gwamnati can." Wani ya ce makarantar da ke kallon tamu har Asabar suke yi, kuma 'yan nazarensu sun fara rubutun haɗe. Mai makarantar bai ce uffan ba, murmushi kawai yake yi, domin ya san ba shi zai yi wannan faɗan ba. Aka ce a ɗaga hannu. Na tuna cewa ni sai huɗu nake tashi daga aiki, uwarta ma haka, idan aka sallami yarinyar ƙarfe biyu wa zai karɓe ta? Na tuna kuma 'yar maƙwabcina ta zo na biyu. Na ɗaga hannuna sama sosai, don ilimi.

Mutumin ya zauna. Da aka tashi na gan shi a bakin ƙofa yana saɓa jakar ɗansa a kafaɗa, ya ɗan karkace saboda nauyi.

Yanzu da nake wannan rubutu goma ta wuce. Ɗalibar tana kife a kan littafin lissafi, fensir a hannu, ta tsaya a tambaya ta bakwai cikin ashirin, yawunta ya jiƙa ta takwas. Uwarta ta zare fensirin a hankali tana ƙarasawa da hannun hagu, don rubutun ya yi kama da na yara. A cikin jakar na tsinci takarda daga makaranta: bisa buƙatar iyaye, daga zango mai zuwa za a fara lesin ranar Asabar, takwas zuwa sha biyu. Na riga na tura kuɗin, na kuma saita agogo ƙarfe biyar. Gobe idan ta tambaye ni ko Asabar ce, zan faɗa mata ta daina tambaya.